Shari'ar Bawul Mai Yoyo

A cikin watan Disamba na wata shekara da ba ta daɗe da wucewa ba, Allah Ya kai ni birnin Manchesta na ƙasar Ingila, na sauka wurin ɗan ƙanwata da yake karatu a can, a wani ɗan gidan haya na jan bulo, irin waɗanda aka jera su kafaɗa da kafaɗa tun zamanin masaƙun auduga. A kwana na uku da saukata, da na tashi da asuba domin alwala na murɗa famfon ruwan zafi, sai ya ba ni ruwan da sanyinsa ya ratsa ni har cikin haƙora, ga ɗakin kuwa ya huce kamar randa. Yaron ya fito yana mutstsuke ido, ya buɗe wani kabad a kicin inda wani farin akwati yake maƙale a bango, ya leƙa wani ɗan geji mai allura guda, ya sa hannu a ƙarƙashi ya murɗa wasu 'yan makullai biyu, na ji ruwa yana shiga da ɗan huci, sa'an nan ya danna maɓalli, wuta ta kama.

Ya ce, "Yi haƙuri, Kawu, haka take yi. Kullum da safe sai na shayar da ita."

Na ce, "Tun yaushe?"

Ya ce, "Yau mako uku ke nan."

Na ce, "To, ɗana, ruwan da kake ba ta kullum, ina yake zuwa?"

Da gari ya waye sai ya zagaya da ni wajen gidan, ya nuna mini wani siririn bututun jan ƙarfe da ya ɓullo ta bango, bakinsa a lanƙwashe yana kallon ƙasa, bulon da ke ƙarƙashinsa ya yi duhu da danshi, a ƙasa kuma ruwa ya daskare kamar an shimfiɗa gilashi. Ya ce shi har ya yi shawarar ya sami abin toshiya ya cusa a bakin bututun ya huta da shayarwa. Wannan magana tasa ita ce sababin rubuta wannan maƙala, domin 'ya'yanmu da ƙannenmu da ke tafiya ƙasashen sanyi neman ilimi ko sana'a suna da yawa a yau, kuma galibinsu ba su taɓa ganin irin wannan na'ura ba sai ranar da aka miƙa musu makullin gida.

Abin da Turawa ke kira boila, mu kuwa sai mu ce tukunyar ɗumama gida, akwati ne da wutar gas ke ci a cikinsa tana dafa ruwa, famfo yana tura ruwan cikin bututu zuwa ɗakuna, inda yake ratsa wasu faffaɗan ƙarafa da ke jikin bango, masu aiki irin na lagireton mota, su saki zafinsa cikin ɗaki, sa'an nan ruwan ya komo tukunya a sake dafa shi. A irin tukunyar da ta fi yawa a gidajen Ingila yanzu, wannan ruwa a rufe yake ruf, ba ya haɗuwa da iska, ba a sha, ba a wanka da shi, shi ke nan yana ta kewaye shekara da shekaru. To, ruwa yana da ɗabi'u biyu da Allah Ya halicce shi a kansu, waɗanda duk wanda ya riƙe su ya riƙe makullin wannan mas'ala: idan ya yi zafi yana kumbura, kuma ba ya matsuwa. Iska kana iya cusa ta cikin taya ta ƙanƙance, amma ruwa ko ƙarfin giwa aka sa masa ba ya yarda ya rage jiki sai abin da bai taka kara ya karya ba. Lita 100 ta ruwa, idan aka ɗaga zafinta daga digiri 10 zuwa digiri 80, tana ƙaruwa da kusan lita 3, kuma waɗannan lita 3 wajibi ne su sami wurin zama, in ba haka ba su nema wa kansu ƙofa da ƙarfin tsiya.

Ana auna wannan matsi da ma'aunin da ake kira "ba", shi ne lambobin da ke fuskar gejin nan. Ba ɗaya daidai yake, a ƙiyasi, da nauyin ruwan tankin da aka ɗora a bisa hasumiya mai tsawon mita 10, kuma tayar ƙaramar mota takan ɗauki ba biyu da 'yan kai. Tukunya mai lafiya, idan tana sanyi, allurarta takan zauna tsakanin 1 da 1.5, idan ta yi zafi ta ɗan ɗaga, galibi ba ta wuce 2 ba. A kan lamba 3 kuwa akwai mai gadi, wato bawul ɗin tsaro, ɗan abu na tagulla da bai kai dunƙulen hannu ba, mai jar hula a ka, a cikinsa akwai sifirin da ke danne wata 'yar roba a bakin rami. Muddin matsin bai kai 3 ba, sifirin ne ke rinjaye, ƙofa na rufe. Da zarar ya kai, ruwa ya ɗaga robar ya fice ta bututun jan ƙarfen nan zuwa waje, inda aka lanƙwashe bakinsa da gangan don kada tafasasshen ruwa ya watsu wa mai wucewa.

Hikimar nan ta tsufa. Wani masani Bafaranshe mai suna Denis Papin, wanda ya zauna a Landan yana aiki tare da masani Robert Boyle, ya ƙera wata tukunyar ƙarfe mai murfi a ɗaure a shekarar 1679, wadda ke dafa ƙashi har ya yi laushi, kuma da yake ya san abin da tururin da aka tsare yake iya aikatawa, sai ya yi mata wata 'yar ƙofa da sanda mai nauyi ke dannewa, ta yadda in matsi ya yi yawa ƙofar ta ɗaga da kanta. Tukunyar matsi da matan birni ke dafa wake da ganda da ita yau jikar wannan ce, kuma ɗan ƙarfen da ke rawa a kan murfinta yana huci shi ne bawul ɗinta. Tun daga wancan zamani kuma ɗan Adam bai daina jin haushin wannan mai gadi ba. A watan Yuni na 1831, a jihar Karolina ta Kudu a Amurka, mai hura wutar wani kan jirgin ƙasa da ake kira Best Friend of Charleston ya gaji da hucin bawul, ya danne shi ya hana shi buɗewa, tukunyar ta fashe, shi kuma ya rasa ransa sakamakon raunin da ya samu. A Ingila direbobin jirgi sun riƙa ƙara wa bawul nauyi don injin ya ƙara ƙarfi a kan hawa, har sai da injiniya John Ramsbottom ya ƙago wani iri a 1856, wanda direba ba shi da ikon ƙara masa matsi. Da na ba ɗan ƙanwata wannan labari sai ya yi shiru, ya daina zancen toshiya.

Adalci ne a faɗi cewa tukunyar zamani tana da wasu masu gadin ban da wannan, na lantarki, waɗanda ke kashe wuta idan zafi ya wuce kima, saboda haka abin da ya fi kusa ga wanda ya toshe bututu shi ne wata mahaɗa ta tsage ruwa ya malale masa ɗaki, ko cikin tukunyar ya lalace. Amma bawul shi ne na ƙarshe, wanda ba ya bukatar lantarki kuma ba ya jiran umarnin kowa, an ajiye shi ne domin ranar da sauran suka gaza. Ruwan da ke ƙarƙashin matsin ba 3 ba ya tafasa sai zafinsa ya haura digiri 140, kuma idan irin wannan ruwa ya sami ƙofa farat ɗaya, sashensa yakan rikiɗe ya zama tururi nan take, lita ɗaya kuwa in ta zama tururi takan nemi wurin da ya fi lita 1,600.

Abin da na fahimta daga wannan lamari, kuma shi nake so mai karatu ya riƙe, shi ne bawul mai yoyo a mafi yawan lokuta shaida ne, yana ba da labarin wani laifi da aka yi a wani wuri cikin tukunyar, kuma alƙalin da ya ɗaure shaida ya sallami mai laifi, gobe ma ƙarar za ta dawo gabansa. Mutum yakan biya a sa masa sabon bawul, bayan mako guda yoyo ya komo, ya ce an sayar masa da jabu, alhali sabon ma gaskiyar da tsohon ya faɗa ita yake maimaitawa. Ruwa ba ya tsami banza. Saboda haka sai a bi shari'ar daki-daki, kuma galibin binciken mai gida na iya yinsa da idonsa, ba tare da ya kwance ko kusa ɗaya ba.

Farkon abin yi shi ne tabbatar da wanda ake ƙara, domin bututu biyu ne ke fitar da ruwa daga tukunyar zamani, kuma baƙo yakan rikita su. Tun daga 2005 doka ta wajabta a Ingila da Wales cewa sabuwar tukunyar gas da za a kafa ta kasance irin wadda ke tatse zafin hayaƙinta kafin ya fita, kuma wannan tatsa tana haifar da wani ruwa mai ɗan tsami, kamar raɓa, wanda ke bin farin bututun roba mai kauri zuwa magudana. Ɗigar wannan halal ce, alamar aiki ce, illarsa kawai yakan daskare a tsananin ɗari ya tsayar da tukunya, kamar yadda ya faru a gidaje da yawa cikin sanyin ƙarshen Fabrairu da farkon Maris na 2018. Na jan ƙarfen nan siriri, mai kaurin milimita 15, shi ne ya kamata ya zauna a bushe ƙayau shekara da shekara. In ana shakka, saboda ruwan sama a Manchesta ba ya barin bango ya bushe balle a gane danshin wane ne, sai a ɗaura 'yar leda a bakinsa da zaren roba, ɗauri sakwa-sakwa wanda ba zai hana ruwa fita ba in ya zo da ƙarfi, a bar ta ta kwana. Mu da muka yi haka, da safe mun tarar da ledar ta yi nauyi da ruwa mai launin shayi marar madara.

Bayan an tabbatar da yoyo, sai a koma ga geji, wanda shi ne adalin shaidun gidan. A bar tukunya ta huce sarai, a daidaita allura a kan 1 ko sama kaɗan, a kunna ɗumama ɗakuna, a jawo kujera a zauna a gabanta kamar rabin sa'a. Ban san wani bincike mai arha kamar wannan ba, kuma abin mamaki shi ne ƙarancin masu haƙurin yinsa. Ni na zauna, da carbi a hannu. Minti biyar na farko allura ba ta motsa ba. Daga nan ta fara tafiya, ta wuce 2 ba ta waiwaya ba, ta shiga jan yankin da ke fuskar gejin, kafin minti ashirin ta taɓa 3, sai muka ji wani ɗan sauti a cikin akwatin kamar an tsiyaya ruwa a buta, yaron ya ruga waje ya dawo ya ce bututu na zuba, har da tururi. Da dare da aka kashe wuta ruwan ya huce ya koma jikinsa na asali, sai allura ta faɗi ƙasa warwas, domin abin da aka zubar ya tafi ke nan. Idan matsi ya faɗi ƙasa da kamar rabin ba, tukunya takan ƙi kamawa don kada ta ƙone a bushe, ta nuna wata lamba a fuskarta, kowane kamfani da tasa: ta Vaillant takan rubuta F22, ta Ideal F1, ta Baxi E119. Lambar tana cewa ruwa ya yi kaɗan ne kawai, ba ta faɗin inda ya tafi.

Wannan hawa da sauri in an yi zafi, da faɗuwa in an huce, hujja ce bayyananniya a kan wani sashe da ban ambata ba tukuna, wanda ni nake kiransa huhun tukunya. Wani ɗan tulu ne na ƙarfe, galibi ja, shimfiɗaɗɗe kamar faifai mai kauri, a ɓoye a bayan akwatin ko a gefensa, cikinsa bai fi lita 8 ko 10 ba a tukunyar gida. An raba cikinsa biyu da fatar roba: gefe ɗaya ruwan tukunya, ɗaya gefen iska da aka hura ta kai kimanin ba 1. Idan ruwa ya kumbura sai ya tura robar, iskar ta matsu ta ba shi wuri. Idan ya huce iskar ta turo shi ya koma. Lita 3 ɗin nan da muka ce dole su sami masauki, nan ne masaukinsu. To, iska ba ta zama har abada a bayan roba, kamar yadda tayar keken da aka jingine a zaure takan sace a hankali ko ba ƙaya. Shekara bayan shekara tana raguwa, har ranar da huhun zai cika da ruwa tun yana sanyi, ya zama ba shi da sauran wurin karɓar baƙo. Wani lokaci kuma robar ce ke yagewa. Ana bambance su ta wani ɗan bawul da ke jikin tulun, irin na tayar mota sak, wanda kowane mai faci a bakin titi zai gane shi: in an danna tsinkensa iska ta fito da ƙarfi, da sauran rai; in ba abin da ya fito, ya sace, sai a hura; in ruwa ya fito, robar ta yage, sai sabon tulu. Akwai kuma nadirin hali inda huhun lafiyarsa ƙalau amma siririyar mesar da ta haɗa shi da tukunya ta toshe da dauɗa, ko kuwa an ƙara ɗakuna da lagiretoci a gidan har ruwan ya fi ƙarfin tulun da aka zo da shi, sai an ƙara masa na biyu a waje.

Akwai wata sura dabam, wadda allura ke hawa ko da wuta a kashe take, a hankali, dare da rana, har ta kai 3 ta tsaya a nan bututu yana ta ɗiga. A nan ƙiyasi mai sauƙi ne: ruwan da ba a dafa ba ba ya kumbura, saboda haka wani ruwa ne ke shigowa daga waje. Ƙofofin shigarsa biyu ne. Ta farko ita ce wata mesa mai saƙar ƙarfe mai launin azurfa da ke ƙarƙashin tukunya, wadda ɗan ƙanwata ke shayarwa da ita, mai makulli a kowane kai; in an bar ɗaya bai rufu sosai ba, ko robar cikinsa ta ci, ruwan famfon gari, wanda a unguwanni da yawa ƙarfinsa ya fi na tukunya, musamman da dare lokacin da mutane suka daina ɗiba, sai ya riƙa kutsawa. Asalin ƙa'ida ma a cire mesar a ajiye bayan an gama ƙari, amma kaɗan ne ke yi. Ƙofa ta biyu ta fi ɓoyuwa. A tukunyar da ke ba da ruwan wanka nan take, akwai wasu siraran farantai na ƙarfe a jere, ruwan tukunya mai zafi yana bi ta wannan fuska, ruwan famfo mai sanyi ta waccan, suna musayar zafi ba tare da sun gauraya ba. In tsatsa ta huda faranti ɗaya, ko da hujin bakin allura ne, mai ƙarfi zai shiga cikin marar ƙarfi. Hanyar ganewa ita ce a rufe makullin ruwan sanyi da ke shiga tukunyar a kwana: in allura ta daina hawa alhali mesa a cire take, farantan ne.

Sai sura ta uku, inda tuhuma ke komawa kan shaidan kansa, wato bawul: allura tana zaune a 1 ko 1.5, ba ta taɓa kusantar 3 ba, amma leda tana tara ruwa, da zafi da sanyi. Wannan bawul ne da ya kasa rufe bakinsa. Ruwan da ya shekara goma yana kewaya cikin ƙarfe yakan ɗauko baƙar laka ta tsatsa, mai laushi kamar kwalli, wadda maganaɗisu ke kamawa, a yankunan da ruwansu ke da alli kuma, irin Landan da kudu maso gabashin Ingila, har da ɓarɓashin farar ƙasa. Duk ranar da bawul ya buɗe, wannan dauɗa ce ke bi ta bakinsa, kuma ƙwaya ɗaya in ta maƙale tsakanin roba da mazauninta, ƙofa ba ta sake rufuwa daidai. Shi ya sa sau da yawa laifin yakan zama biyu a haɗe: huhu ya sace, ya tilasta wa bawul buɗewa sau ɗari, bawul ya lalace a kan aikinsa. Shi ya sa kuma nake ganin murɗa jar hular nan don gwaji, ko don rage matsi, abu ne makaruhi ga mai gida, ko da hannunsa na iya kaiwa gare ta. Wasu sukan murɗa su saki da ƙarfi da fatan ruwa ya wanke dattin, wani lokaci a dace, sau da yawa kuwa ɗiga ta zama zuba. Wanda ya cika ruwa fiye da kima bisa kuskure, ya rage shi ta ɗan makullin fitar da iska da ke kafaɗar lagireto, da kofi da tsumma a hannu.

Shayarwar kullum da yaron ya ɗauka magani ce, ita kanta cuta ce mai cin jiki a ɓoye. Ruwan tukunya akwai maganin hana tsatsa da ake zuba masa, kuma tsohon ruwa ya riga ya rabu da iskar da ke cikinsa, ba ya cin ƙarfe sosai. Kowace safiya da aka ƙara sabo, an tsinka maganin, an kuma shigo da sabuwar iska da sabon alli, tsatsa ta sami abinci, laka ta ƙaru, famfo da farantai su fara shan wahala. Ƙari sau ɗaya ko biyu a shekara ba laifi. Ƙari kowane mako kuwa sammaci ne.

A nan ne iyakar mai gida. Duba geji, ɗaura leda, rufe mesa, rubuta abin da aka gani da lokacinsa, duk nasa ne. Amma buɗe murfin akwatin, wanda a yawancin tukwane shi ne ke tsare hayaƙin wuta daga shiga ɗaki, aikin mai lasisi ne. Dokar kiyaye haɗarin gas ta 1998 ita ke hukunci a kan wannan a Birtaniya, kuma tun 1 ga Afrilu 2009 rajistar da ake kira Gas Safe ce ke tantance masu aikin, bayan ta gaji wadda ake kira CORGI. Kowannensu yana da kati mai hotonsa da lambarsa da irin aikin da aka yarje masa, kuma neman ganin katin ba rashin ladabi ba ne a can, tazkiyya ce da su kansu suka saba da ita. Dalilin tsananin shi ne gubar hayaƙin da ba ta da launi ba ta da wari, wadda ke kashe mutane cikin barci, irin wadda muka sani a gida daga janareta da gawayi a rufaffen ɗaki. Wanda ya ji warin gas kuma, wannan wata mas'ala ce ta gaggawa: ya buɗe tagogi, kada ya taɓa makunnin lantarki, ya fita ya kira 0800 111 999. Ɗan haya kuwa ya sani cewa gyaran ɗumama da ruwan zafi yana wuyan mai gidan ne bisa dokar haya ta 1985, haka kuma wajibi ne a kansa ya sa a duba kayan gas kowace shekara ya ba ɗan haya takardar shaida. Yaronmu kunya ce ta hana shi magana mako uku, irin kunyar da muka koya musu, ta kada a dami babba da ƙorafi.

Na ce masa, "Ɗana, gidan nan amana ne a hannunka. In ka yi shiru tukunyar mutum ta lalace, ka ci amanar. Rubuta masa yau."

Mai gyaran ya zo bayan kwana biyu, dattijo mai furfura da jakar kayan aiki, kuma da yaron ya karanta masa abin da muka rubuta, cewa allura na tashi daga 1 zuwa 3 cikin minti ashirin, sai ya gyaɗa kai tun bai ajiye jakar ba. Ya kashe wuta, ya rufe makullan da ke ƙarƙashi, ya zuƙe ruwan tukunyar cikin bokiti har allura ta kwanta, domin in da matsin ruwa a bayan robar, awon iskar ƙarya zai faɗa. Ya ɗora gejinsa a bawul ɗin tulun, bai nuna kome ba. Ya fito da famfo irin na keke ya fara bugawa, da kowane bugu sai ruwa baƙi ya ƙara tsartuwa cikin bokiti, wato ruwan da ya mamaye wurin iska ne ake korarsa, har ya daina fita, gejin ya tsaya a 1. Ya jira minti goma ya sake aunawa, ya shafa ɗan kumfan sabulu a bakin bawul ɗin ya ga iska ba ta fita, ya ce robar lafiya lau. Sa'an nan ya kwance bawul ɗin tsaro ya sa sabo, ya buɗe tsohon ya miƙo mini a tafin hannu: a gefen baƙar robar akwai wata 'yar tsakuwa da ba ta kai ƙwayar riɗi ba, ta yi wa robar gurbi ta zauna.

Mu da ke ƙasar zafi ba mu da bukatar ɗumama ɗaki da ruwa, amma ɗan'uwan wannan bawul yana nan a gidajenmu, a jikin hitar lantarki ta ruwan wanka da ake maƙalawa a bangon banɗaki a Kano da Kaduna da Jos, a kan bututun ruwan sanyi, da ɗan hanci a gefensa. Irin wannan hita galibi ba ta da huhu, saboda haka ɗigar 'yan ɗigo daga hancin yayin da ruwa ke ɗaukar zafi ɗabi'arta ce, maganinta a sa siririyar mesa ta kai ruwan magudana. Na sha ganin inda aka ɗaure hancin da roba da waya, ko aka cire bawul ɗin ɗungurungum aka haɗa bututu kai tsaye don tayil ya daina jiƙewa, alhali hita tulu ce mai riƙe da lita 30 ko 50 ko fiye, kuma in na'urar da ke yanke mata wuta ta mutu, ba abin da ya rage tsakaninta da fashewa sai wannan hanci.

A daren da aka yi gyaran, yaron ya sake ɗaura sabuwar leda a bakin bututun jan ƙarfen, muka kunna ɗumama, na koma kujerata a gaban geji. Allura ta tashi daga 1.2, ta taka a hankali zuwa 1.6, ta tsaya a nan har muka yi sallar isha'i. Da asuba ruwan alwala ya zo da ɗumi, kuma da haske ya fito ya ciro ledar ya kawo mini, ba kome a cikinta sai sanyi.